Yadda muka raba magazarmu da zafin kwano



Wata Laraba cikin watan Afrilun bara na buɗe ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan gidana a nan Yantala, don in ɗauko sabulun da za mu kai kasuwa. Ina tura ƙofa sai na ja da baya kamar wadda ta leƙa tanda. Da na daure na shiga, abin da na gani ya fi zafin ciwo. Sabulu ya yi gumi, ya yi laushi, ya manne da leda. Man kaɗe da muka saya don haɗi ya narke ya bi gindin kwali har ƙasa. Man gyaɗa jarka biyu ya soma canza ƙamshi, ga ɗan maƙaƙi a harshe. Garin zogalen da muka shanya a inuwa, muka daka, muka tankaɗe, wanda ya kamata ya zauna kore shar, ya koma fari-fari kamar an barbaɗa masa toka.

Da kayana ne ni kaɗai, da na yi shiru na haɗiye. To ba nawa ba ne. Kayan ƙungiya ne, na mata 28, kowace da zubinta na mako-mako, wata da kuɗin ƙosai, wata da kuɗin kitso, wata da abin da ta rage daga cefane. Da muka zauna da ma'ajiyarmu muka yi lissafi, hasarar ta kusa jika 60. Ranar taro da na faɗi adadin, babu wadda ta zarge ni, amma shirun da aka yi ya ishe ni.

Ɗakin irin wanda kuka sani ne, kusan kowane gida a kartiyenmu akwai shi: mita 3 a mita 4, bangon bulon siminti, ƙofar ƙarfe, ba taga, rufin kwano ƙasa-ƙasa wanda in doguwar mace ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Wasu na ce masa magaza, wasu sito. Wata tana ajiye hatsi a ciki, wata kaji, wata keken ɗinki, wata ma in baƙi suka yi yawa nan take shimfiɗa wa yara. A Yamai kuwa zafin rana cikin Afrilu yakan haura digiri 40 kusan kullum, wasu ranakun ya taɓa 45. Wannan na iskar waje ne. Shi kwanon da ke shan rana tun hantsi yana iya wuce digiri 60. Wadda ta taɓa ɗora hannu a kai da azahar ba ta buƙatar a karanta mata lamba.

Dabarar farko da na yi ita ce ta banza, kuma zan faɗe ta don kada wata ta maimaita. Na tara kwalaye da tsofaffin buhuna, na sa ɗana ya cuccusa su tsakanin katakon rufi da kwano, dam, ba ko kafar da iska za ta bi. Kwana biyu na ji kamar an samu sauƙi. Kafin wata guda ɓeraye sun yi gida a ciki, kashinsu na zubowa kan kaya. Ruwan farko na damana ya bi ramukan ƙusa ya jiƙa kwalayen, suka riƙe laima, suka yi wari, gara ta ji labari ta hau bango. Da muka zare su, kwanon ya yi tsatsa daidai wuraren da kwali ya manne masa.

Akwai wata dattijuwa a ƙungiyarmu, mutuniyar Dogondutsi, duk Inna muke ce mata. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ɓarnar, ta ce: "Ɗiyata, mi kinka yi haka? Kin sa ma wuta bargo, kina jiran ta yi sanyi?" Na ce, "To Inna, ƙaƙa zan yi?" Sai ta tambaye ni: gindin bedi inuwa ne, ƙarƙashin kwano ma inuwa ne, don mi mutum ke barci a ɗaya, ya kasa zama a ɗayan? Na ce don iska. Ta ce iska ɗaya ke nan, saura ɗaya: ganye ba ya ɗaukar zafi ya juye maka a ka.

Maganar nan ita ce duk ilimin aikin, sauran bayani ne kawai. Zafin ɗakin kwano ba ta ƙofa yake shigowa ba, daga sama yake saukowa. Kwano ya sha rana, ya gasu, sai ya riƙa feso zafin ƙasa kamar yadda garwashi ke dukan fuska ko ba ki taɓa shi ba. Iskar da ke ƙarƙashinsa ta yi zafi, ita kuma iska mai zafi sama take tashi, in ba ta samu mafita ba sai ta taru ta cika ɗakin. Bulon siminti shi ma ya sha nasa da rana, ya riƙa amayar da shi har tsakar dare. Shi ya sa ɗakin laka na kakanninmu, mai kaurin bango da rufin azara da ƙasa, yake da sanyi da rana: laka mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa ta da wuri. Mu da muka koma kwano don gudun yaɓe duk shekara, mun huta da wani aiki mun sayi wani.

Ɗiyata da ke lakwal ta nuna mini hoton wata makaranta a wayarta, a garin Gando na ƙasar Burkina Faso. Wani ɗan garin, Francis Kéré, wanda ya yi karatun zanen gini a Jamus, shi ya tsara ta, mutanen garin maza da mata suka gina da hannunsu, aka gama a 2001. Rufinta kwano ne kamar namu. Amma an ɗaga kwanon sama bisa ƙarafa, ƙarƙashinsa akwai wani rufi na tubalin laka, tsakaninsu fili ne da iska ke ratsawa ta kwashe zafin. A 2022 mutumin ya samu kyautar Pritzker, wadda ita ce babba a duniya ga masu zanen gini, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Na kai wa Inna hoton. Ta duba ta ce, "Ai rumfa ce bisa ɗaki." Gaskiyarta.

Mu ba mu da ƙarfin ɗaga kwano. Abin da muka iya shi ne mu yi masa rufi na biyu daga ciki, mu bar fili tsakani, mu buɗe wa iska hanya. Muka kai maganar gaban taro, aka yarda a ciri jika 40 daga asusu a matsayin bashi ga sana'ar sabulu, a mayar cikin wata uku kamar kowane bashi. Wata ta ce kuɗin ya yi yawa a kan ɗakin da ba kowa ke kwana ciki ba. Ma'aji ta ce mata hasarar wata ɗaya ta fi shi. Aka wuce wurin.

Mun soma da huda bango, kuma shi kaɗai ne aikin da muka kira magini. Ya cire bulo biyu-biyu can sama dab da kwano, a bangon arewa da na kudu, suna kallon juna, ya kuma cire ɗaya a ƙasa kusa da ƙofa don iska mai sanyi ta samu mashiga. Kowace kafa muka toshe ta da wayar raga mai ƙananan ido, ninki biyu, saboda ɓera da ƙadangare da maciji. Da gangan muka bar bangon gabas ba huda. Kun san hadarinmu daga gabas yake tasowa da ƙura da iska, in kika buɗe can kin gayyato ruwa cikin kayanki. Tun ranar, kafin a yi komai, in kika miƙa hannu bakin kafar sama da azahar za ki ji iska mai zafi na fita kamar numfashin tukunya.

Sai rufin ciki, wanda masu kuɗi ke yi da falanki su ce plafon. Mu da zana muka yi. Mun je kasuwar Katako muka sayo baƙar waya mai kauri, da ƙusoshin siminti, da siraran katako guda shida. Zanar kuwa ta gamba muka nema, sabuwa, mai saƙa matse. A nan ku buɗe ido: ku ɗaga zana ku kalli rana ta cikinta, in haske na ratsowa ko'ina ku ajiye ta. Ku girgiza ta kuma, in gari na zubowa ƙwaro ya riga ku. Mun shanya tamu kwana biyu a rana, muka kakkaɓe.

Muka ja layi a bango, taƙi ɗaya da rabi ƙasa da kwano, yadda kafofin da magini ya huda za su kasance a saman layin, cikin filin da ke tsakanin kwano da zana. Wannan shi ne wurin da in aka kuskure, aikin duka ya tashi a banza. In zana ta rufe kafofin, ko ta manne da kwano, kin koma gidan jiya, irin kwalayena. Muka kafa katakon a kan layin, muka ja waya daga bango zuwa bango, tsakanin kowace da ƴar'uwarta kamu ɗaya, muka ɗaure tam. Sannan muka zura zana a kan wayoyin, kowace ta hau bakin ta kusa da ita da faɗin tafin hannu, muka ɗinke da igiyar kaba. Ta ƙasa muka ƙara tsofaffin tabarmi don su tare ƙura da ɓarɓashin ciyawa, tunda abin ci muke ajiyewa. A kusurwa ɗaya muka bar wata ƴar tabarma da ba a ɗinke ba, wadda za a iya ɗagawa a leƙa sama. Daga baya muka ƙara ƴar kafa guda a ƙasan zanar, ita ma da raga, don iskar cikin ɗakin kanta ta samu wurin fita.

Mu takwas muka yi aikin, gayya, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, kwana biyu. Bayan ƙarfe goma ba mai iya tsayawa ƙarƙashin kwanon. Masu tsawo suka hau benci, gajeru suna miƙo waya, Inna na zaune kan kujera tana ba da umarni da Hausa da Zabarmanci, duk wadda ta ja waya sako-sako sai ta sake. Ni dai na gano cewa matan da suka iya ɗinkin tabarma da kitso sun fi ɗana iya wannan aiki nesa ba kusa ba.

Wata ta kawo shawarar mu sa farin soson nan da ake naɗo firigo da talabijin a ciki. Gaskiya yana tare zafi sosai. Amma in wuta ta taɓa shi narkewa yake yana ɗiga, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, kaji kuma suna tsattsage shi su haɗiye. Muka bar shi.

Saura saman kwano. Baƙin abu na shan rana, fari na mayar da ita, wannan ko a tufafi mun sani. Kwanonmu ya tsufa, ya yi ja da tsatsa da ƙura, watau ya zama abin da rana ke so. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutum fiye da dubu, hukumar birnin ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, kuma wata ƙungiyar mata mai suna Mahila Housing Trust ta riƙa taimaka wa matan unguwannin talakawa suna shafa wa rufinsu farin fenti. Da yawansu a gida suke sana'a kamar mu, zafin ɗaki na nufin aikin rana ya tsaya. Da na ji haka na ce ashe ciwon ɗaya ne.

Mun share kwanon, muka kankare tsatsa da buroshin waya, muka toshe ramukan ƙusa da kwalta, muka wanke, ya bushe. Kuɗinmu bai kai na fenti ba, sai muka shafa farar ƙasa, hannu biyu, na biyu bayan na farko ya bushe. Zan gaya muku gaskiya: damana ɗaya ta wanke fiye da rabinta, bana sai da muka sake. Wadda ke da hali ta sayi farin fenti na ƙarfe, ya fi daɗewa. Kuma kada a zuba gishiri cikin kwaɓin kamar yadda wasu ke yi in za su shafe bango, gishiri cin ƙarfe yake. Mai shafawa ya rufe ido da hannu, farar ƙasa na ƙuna. Hawa kwano kuma ba wasa ba ne. Yaro mara nauyi muka ɗora, da sassafe, muka shimfiɗa masa katako ya taka, bisa layin ƙusoshi inda akwai itace a ƙasa, bayan mun tabbata babu wayar kuran kusa da kansa.

Wasu na shimfiɗa zana a saman kwano su danne da duwatsu. Tana aiki, ban musa ba. Sai dai a ɗaga ta bisa sanduna kada ta kwanta a kan ƙarfen, a kuma sauke ta kafin ruwan farko, in ba haka ba ta riƙe laima ta ruɓar da kwanon, ko iskar hadari ta ɗauke ta ta kai gidan maƙwabta.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi. Zana ciyawa ce, busasshiyar ciyawa kuwa ƙawar wuta ce. Babu uwa a garin nan da ta manta Afrilun 2021, lokacin da azuzuwan zana suka kama a wata makaranta a kartiyen Pays Bas, yara kimanin 20 suka rasu, ƙanana ƙwarai. Cikin Nuwamban shekarar aka sake irinta a Maraɗi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Saboda haka muka kafa doka, aka rubuta cikin littafin ƙungiya: ba murhu, ba gawayi, ba fitilar kananzir, ba turaren wuta, ba maganin sauro na kunnawa a cikin magaza. Dafa sabulu a tsakar gida ake yi, nesa da ƙofar. Wayar lantarki ɗaya da ke ciki, wadda aka yi wa ɗaurin leda a wuri uku, mun sa mai gyaran wuta ya cire ta gaba ɗaya, tocila ta ishe mu. Bokitin yashi na nan bakin ƙofa. Kuma ni a ra'ayina, ɗakin da yara ke kwana ko ake girki a ciki, kada a yi masa rufin zana ko kaɗan. A yi masa farin shafe da kafofin iska, a jira har a samu kuɗin falanki. Wata ta ce na cika tsoro. Na yarda, ina da shi.

Bangon yamma ne ya rage, wanda rana ke duka daga azahar har ta faɗi. Mu ƴan Yantala Allah ya hutar da mu, masu lambu da masu dashen itatuwa na nan bakin gulbi. Muka sayo dashen zogale biyar muka jera, taku biyu daga bango, muna ba su ruwan wanke-wanke marar omo. Kafin su girma muka jingina tsohuwar zana bisa sanduna, ba ta taɓa bangon ba. Zogale bai da inuwa mai duhu, amma yana saurin tashi, ganyensa kuma kuɗi ne a wurinmu. Bedi ya fi shi inuwa, sai dai kada a dasa shi jikin gini, saiwarsa na fasa bango. Kayan kuma muka ɗauke su daga ƙasa, muka ɗora bisa katako a kan bulo, muka janye su daga jikin bango. Duk ranar taro mace ɗaya na duba bango ko gara ta ja hanyarta, in an gani a kankare nan take.

Da yawanmu haya muke, na sani. Kafin ki huda bangon mutum ki nemi izininsa, ki je da wata babba in ya cika gardama. In ya ƙi, rufin zana bisa waya naki ne, ranar tashi ki kwance abinki ki naɗe, amma ki tabbata akwai ƴar hanyar iska a bakin kwano, wurin da ƙwaryar kwanon ta bar kafa bisa bango. Sau da yawa magina na toshe wurin da siminti. Wata a cikinmu mai gidanta ya ƙi huda, ya yarda da farin shafe, ko shi kaɗai ta ce ta ji bambanci.

Ba zan ce muku ɗakin ya zama firigo ba. Bai zama ba, kuma ba zai fi inuwar waje sanyi ba. Abin da ya bari shi ne zama tanda. Ga awon da muka yi, wanda kowace za ta iya: muka ɗebi man kaɗe cokali guda a ƙananan kwanoni biyu, ɗaya a magazarmu, ɗaya a ta maƙwabciyata da ba a taɓa ba, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Da la'asar nata ya zama ruwa tsululu. Namu ya yi laushi, amma yana nan a dunƙule. Bazarar bana sabulu bai yi gumi ba, garin zogale ya kai ƙarshen Mayu da korensa, man gyaɗa kuwa mun koyi kada mu tara fiye da na wata guda, domin ko da rufi zafin Yamai ba ya barin mai ya daɗe. Duk wannan ba tare da fanka ba. Wadda ta ga yadda muka yi daga Agustan 2023, da aka katse wutar da ke zo mana daga Najeriya har tsawon watanni, ta san abin da ke aiki ba kuran ya fi abin dogaro.

Bashin jika 40 mun mayar cikin wata uku da kwana tara. Kwana taran nan an ci mu tara, ni da kaina na sa hannu, tunda dokar da ke kan kowa ita ke kan shugaba. Tun da Mata Masu Dubara suka soma a yankin Maraɗi a 1991 ake cewa asusu na sayen kaya ne a sayar. Mu a taronmu mun ƙara layi ɗaya a littafi: gyaran wurin ajiya shi ma ana ba da bashi a kansa. Mata uku sun riga sun karɓa, ɗaya don ɗakin kajinta, tunda bara tsaki goma sha ɗaya zafi ya kashe mata rana guda.

Lokacin aikin shi ne Janairu zuwa Fabrairu, zana na da yawa bayan kaka, kwano bai soma ƙuna da wuri ba. In aka bari sai Afrilu, zana ta yi tsada, mai hawa rufi kuma ya sha wuya. Wayar da ta rage mana da buroshi da tsani suna wurin ma'aji, ƙungiyar da ke so ta aiko a ara mata. Wadda kuma ke son gani da idonta, ta zo ranar Laraba, amma kada ta zo da yamma. Ta zo da azahar tsaka, ta fara shiga ta maƙwabciyata, na riga na roƙe ta ta yarda, sannan ta shigo tamu.